Ɗamarar Ƙirjin Nasir

Rusaifa, Makka
Farkon Rajab

Zuwa ga bawana Salihu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Kabira da yara, da kasuwa. Mu nan alhamdu lillah. Ummi gwiwarta ce ke ɗan damunta in sanyi ya shigo, amma ranar Juma'a da ƙafarta take zuwa Harami.

Kada ka yi mamakin ganin imel maimakon saƙon murya. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, in na yi tari a banɗaki sai Ummi ta ce in sha zuma. Boko kuwa ba ta karanta shi. Ka yi haƙuri da Hausata, a Tandabawi ta Makka aka haife ni ba a Fagge ba.

Tun bara nake atisaye a ɓoye. Akwai gasar da wani kulob ke shiryawa a bakin teku a Jidda bayan ƙaramar sallah, mai kashi uku: ka yi iyo a teku, ka fito ka hau keke, ka sauka ka kama gudu, ba zama a tsakani. Fahad, abokin aikina da muke tsara motocin alhazai a tashar Kudai, shi ya ja ni ciki, kuma a gidansu kekena yake kwana. Bayan asuba nake fita. Ummi tana tsammanin a masallaci nake zama har hantsi. Ban ce mata haka ba, ban kuma gyara mata ba.

Ka san dalili. Baba yana tura wani tsoho a keken marasa ƙarfi tsakanin Safa da Marwa zuciyarsa ta tsaya, bai kai hamsin ba. Tun ranar ko jarkar ruwa Ummi ba ta bari in hau bene da ita. Ga ni da gemu, shekara talatin da huɗu, ana riƙe ni kamar ƙwai. Na gaji, Salihu. Niyyata in gama gasar nan lafiya, in zo in ajiye mata lambar yabon a cinya, in ce Ummi dubi abin da zuciyar ɗanki ta yi kuma ba ta tsaya ba. In ta ji kafin nan za ta hana, ni kuwa ba zan tsallake maganarta ba.

Fahad ya ce gudun da nake yi ba ma'auni ya isa haka, in zaɓi ɗaya: ko agogon hannu mai GPS, ko ɗamarar nan da ake ɗaurawa a ƙirji tana ƙirga bugun zuciya tana aika wa waya. Kai ne mai shagon agogo da wayoyi, kai ne kuma muke gani a hoto kan keke da wando kamar da fenti aka shafa maka shi. Wanne zan saya?

Maganar nan tsakanina da kai ce. Ko Kabira kada ta ji.

Ubangidanka,
Nasir

*

Kano
Janairu

Balaraben bogi,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Kabira ta yi nauyi, wata mai kamawa muke sa rai, a sa mu a addu'a a wajen Ka'aba tun da ka fi mu kusa.

Wai ubangidana. Don kakanka ya bi ta Chadi da Sudan a ƙafa ya bar ƙanwarsa, kakata, a Kano, shi ne kake min iko daga nesa? Taubasantakar nan gadonta muka yi, kuma ni ban ga ranar da za ka ci ni ba. Na karanta wasiƙarka na yi dariya har mai shagon kusa ya leƙo. Kai da teku! Lokacin da na zo umra, a gabana ka ƙi shiga kwale-kwale.

To bari in yi maganar sana'a. Agogon abu ne mai kyau. Zai gaya maka nisan da ka ci, da saurinka, ya zana maka hanyar da ka bi, a cikin ruwa ma yana aiki. Amma bugun zuciyar da yake karantawa a wuyan hannu ba kullum yake gaskiya ba. Hannu ya jiƙe ko keke ya shiga gargada, sai ya fara ƙarya. Ɗamarar ƙirji ita ce a kan zuciyar kanta. Ba ta san hanya ba, a ruwa kuma ba ta aika wa waya, amma a keke da gudu ta fi shi. Kai kuwa ba hanya ta ɓace maka ba, zuciyarka kake son sani. Nisa ka bar wa agogon Fahad, ai a bayansa kake.

Sannan ka yi tunanin Ummi. Agogon nan faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara, ƙasansa yana walƙiya kore. Rana ɗaya ba za ka yi da shi a gidan nan ba ta tambaye ka. Ɗamara kuwa ka sa jallabiyarka a kai, shi ke nan. Ka sayi mai laushi wadda ake cire ƙwaƙwalwarta a wanke, kada ka sayi ta roba, za ta ci maka fata.

Abin da ya rage shi ne in yi maka murna. Taubashina ya girma, zai fara ɗaura rigar mama.

Bakina a ɗinke yake, ka kwantar da hankalinka. A gaida Ummi.

Wanda ya fi ka,
Salihu

*

Rusaifa
Sha'aban

Bawana,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Kabira? Allah Ya sauke ta lafiya. Ummi gwiwa ta yi sauƙi.

Na bi shawararka, ka ji daɗi. Na sayi mai laushin. Gaskiyarka, ƙarƙashin jallabiya ba wanda zai ce akwai wani abu. A wurin aiki nake wanke ta in shanya a bayan firij ɗin ofis. Yanzu na gane ashe da can hauka nake yi, kullum ina gudu da iyakar ƙarfina. Fahad ya koya min in riƙe bugun a ƙasa in daɗe ina tafiya. Makon jiya mun yi doguwar hanya a keke ta tsohon titin Jidda, na dawo ko gajiyar kirki ban yi ba. Iyo ne har yanzu nake shan ruwa kamar raƙumi.

Abu ɗaya ne ya ɗan taɓa ni. Da sanyin safiya na fara gudu, ko numfashina bai canza ba, na duba waya na ga bugun ya kai ɗari biyu da ashirin. Na tsaya a gefen titi na dafa wata mota, ba abin da ya zo min sai Baba. Ban ji ciwo ba, ban ji jiri ba. Na ci gaba a hankali, da na yi gumi sai ya sauko ya daidaita. Ya sake yin haka bayan nan. Zan ga yadda za a yi.

In na faɗi a hanya dai keken naka ne, ka zo ka ɗauka, ka ga ka samu dalilin umra ta biyu.

Azumi ya ƙarato, Kudai za ta cika har ba masaka tsinke, in ka ji ni shiru aiki ne.

Nasir

*

Kano
Ƙarshen Fabrairu

Nasir,

Albishirinka. Kabira ta sauka lafiya, mace, an yi mata huɗuba da Saudatu. Hancinta irin naku ne, Allah Ya ba mu haƙuri. Suna sai mako mai zuwa.

Ɗari biyu da ashirin kuma? Ko ɗan akuyar da ya ga wuƙa bai kai nan ba. Keken naka ba na so, sirdinsa ya yi min tsawo. Me kake nufi da za ka ga yadda za a yi? Ka amsa min.

Salihu

*

Kano
Maris

Nasir,

Barka da shan ruwa. Na kira ka bai shiga ba, na sake kira ba ka ɗauka ba. Lafiya dai? Kaka Hure, autar su kakanninmu, za ta taso umra cikin makon nan, ta ce a gidanku za ta sauka. Na ba ta kilishi ta kawo maka.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Salihu

*

Rusaifa
Goman ƙarshe na Ramadan

Salihu,

Assalamu alaikum. Barka da samun Saudatu, Allah Ya raya ta. Kaka Hure ta iso lafiya, kilishi ya iso. Sauran saƙonka ma ya iso, kuma shi zan ba ka labari.

Ranar da ta sauka na ɗan taka keke da yamma kafin a sha ruwa, na shigo gida a gurguje ban cire ɗamarar ba. Mun yi buɗa-baki, muna zaune a falo mu uku, Ummi tana zuba shayi. Sai Kaka ta dube ni ta ce, "Zo nan mijina, in ga rigar maman da aka ce ka saya. Ni da nake matarka ba ka taɓa saya min ba."

Na yi dariyar yaƙe na ce Kaka wane irin zance ne wannan. Ta miƙo hannu ta dungure ni a ƙirji, yatsarta ta sauka a kan ƙwaƙwalwar abin. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ga ta kuwa. Salihu bai yi ƙarya ba. Ranar suna ya sa mu dariya har da hawaye. Wai kai ne mai shiga teku, mai tsere da Larabawa a keke. Wai zuciyar taka har ɗari biyu da ashirin take yi, irin ta ubanka."

Ummi ta ajiye butar shayin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗaga rigar."

Na ɗaga. Ta daɗe tana kallon abin.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bara.

"Asubar da nake cewa ɗana yana masallaci?"

Na sauke rigar. A nan Kaka ta gane ba wurin dariya ba ne, ta kama jan carbi.

Na gaya wa Ummi abin da ban samu sukunin rubuta maka ba. Tun ƙarshen Sha'aban Fahad ya kai ni asibiti a Jidda. Sun manna min wayoyi, sun sa ni gudu a kan inji, sun duba zuciyar a hoto. Likita ya ce lafiyarta ƙalau. Lambar nan ƙaryar ɗamara ce: in fata ta bushe ba ta karantawa daidai, ana ɗan jiƙa ta da ruwa kafin a ɗaura. Iskar Makka kuwa ka san ta. Tun da na fara jiƙawa ba ta sake yi ba. Na yi niyyar in ba ka labarin bayan sallah mu yi dariya.

Ummi ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Babanka ma ba likitan da ya taɓa ce masa ba shi da lafiya." Sannan ta ce, "Ya waladi, ɗana, in ka shiga tekun nan, ko ka sake hawa keken nan, ban yafe ba. Khalas, na gama magana." Ta tashi, ta kai ƙofar ɗakinta ta tsaya. "Mutanen Kano sun san abin da ke ƙirjin ɗana. Ni da na shayar da shi, a bakin baƙuwa na ji."

Ka san abin da "ban yafe ba" take nufi a bakin uwa. Shekara guda ta tafi a zaman shayi ɗaya.

Na ce maka ko Kabira kada ta ji. Ka ce bakinka a ɗinke yake. Raina ya ɓaci, Salihu, ɓacin da ban taɓa yi da kai ba. Ka gaya min yadda aka yi.

Nasir

*

Kano
Maris

Ɗan'uwana Nasir,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillah da sakamakon likita, wallahi har sujada na yi. Saudatu da uwarta suna lafiya.

Ka yi haƙuri. Baki ne ya zame. Ka san gidan suna, an cika, ana ta raha, aka tambaye ni labarin mutanen Makka, sai na ce taubashina ya fara ɗaura rigar mama. Daga nan aka ce in yi bayani, magana ta ja magana. Wasa ne irin wanda muka saba. Kai ma ranar da na zo umra ai a gaban maƙwabtanku ka ce da buhun garin kwaki na zo don kada in sayi abinci. Tun yaushe muka fara riƙe juna a kan wasa?

Ummi za ta huce. Ka bar ta ta yi sallah, ka samu wani babba ya yi mata magana. In ba a yi gasar bana ba akwai ta baɗi.

Ka yafe wa bawanka, yau na yarda da sunan.

Salihu

*

Rusaifa
Daren sallah saura kaɗan

Salihu,

Sallama. Muna lafiya.

Na so in yarda da kai, na kwana biyu ina gwadawa. Amma wasan rigar mama ba ya buƙatar lamba. Ba ya buƙatar sunan Baba. Kaka Hure ba ta riƙe lambar wayarta ba, amma ta riƙe ɗari biyu da ashirin. Jiya na tambaye ta yadda aka yi, ta ce, "Ai da zai kai ni filin jirgi ma sai da ya sake maimaita min."

Cikin duk mutanen da ke gidan sunan nan, mutum ɗaya ce za ta zauna a falonmu, kuma kowa a dangi ya san magana ba ta kwana a bakinta.

Ina sake tambayarka.

Nasir

*

Kano
Afrilu

Nasir,

Barka da sallah, Allah Ya maimaita mana. A gaida Ummi da Kaka.

To. Ba zamewa ba ce.

Ka rubuto min lambar nan, ka ambaci Baba, ka yi min wasiyyar keke, sannan ka ɓace. Na rubuta, shiru. Na kira, shiru. Kullum in na buɗe shago sai in ga kamar yau za a bugo a ce an tsince ka a gefen titi. Ni na ce ka sayi abin, ni kaɗai na sani. Da ka faɗi, da wane ido zan kalli Ummi?

Na ɗauki waya zan kira ta ya fi a ƙirga, sai in tuna na yi maka alƙawari. Na kuma san in na ce maka ka daina, dariya za ka yi min, don ba mu taɓa yin maganar gaske ni da kai ba tare da mun naɗe ta da tsiya ba. Da na ga Kaka a gidan suna sai na ce wa kaina, in na yi wasa ai ban karya alƙawari ba, taubashi yana da wannan damar. Na san za ta kai. Don ta kai na faɗa.

Ban san ka je asibiti ba. Layi ɗaya da ka rubuto da duk wannan bai faru ba, wannan kuma naka ne, ka ɗauka. Maganar jiƙa ɗamara na san ta, ban tuna in gaya maka ba, mu nan kafin ka ɗaura ma gumi ya jiƙa ta. Da tsoro ya kama ni ko kusa ba ta zo min ba.

Na yi maka ɓarna, na sani. Amma na fi son kana raye kana fushi da ni.

Salihu

*

Rusaifa
Tsakiyar Shawwal

Malam Salihu,

Assalamu alaikum. Ina fatan iyali suna lafiya. Mun yi sallah lafiya.

Shirun da na yi nawa ne, na ɗauka. Amma ka duba abin da ka yi da shi. Da ka rubuto min ka ce Nasir ina jin tsoro, in ba ka amsa ba zan kira Ummi, da daga tsakiyar motocin Kudai zan amsa maka. Da ma kiranta ka yi kai tsaye ka ce Ummi ga abin da nake gudu, da na yi fushi, amma da na ce namiji ne ya yi abin da ya ga ya dace. Ba ka yi ko ɗaya ba. Ka ɗauki mutuwar mahaifina ka sa a tsakiyar gidan suna ana dariya, ka ɓuya a bayan tsohuwa, da na tambaye ka kuma ka ce wasa ne. Ka ci amanata, sannan ka so in yi dariya tare da kai.

An yi gasar ranar Asabar. Fahad ya gama, ya turo min hotuna, ban buɗe ba. Ka ce akwai ta baɗi. Limamin unguwarmu ya zo ya yi wa Ummi magana, ta ba shi shayi, ta saurare shi, ta ce ita dai ta riga ta faɗa.

Tsoron da na so in cire mata ya ninku, kuma yanzu ba ta yarda da bakina. In na dawo daga aiki sai ta ce in sunkuyo, wai za ta gyara min hula. Kaina take sunsunawa ko za ta ji warin maganin ruwan wurin iyo. Ina sunkuyawa. Na san abin da take yi, ta san na sani.

Kai kuwa ka samu shiga. Kullum bayan sallah sai ta sa maka albarka da sunanka. Ta ce a duk dangi kai kaɗai ne ka ji tausayinta.

Gobe Kaka Hure za ta taso. Ummi ta aike ni kasuwa ta ce in zaɓo maka dabino mafi kyau, da turare, da jallabiya fara, da 'yar riga ta Saudatu. Na zagaya shago uku kafin in samu dabinon da zai gamsar da ita. Ni na ɗaure kwalin, ni na rubuta sunanka a kai, ni zan sa shi a mota a Kudai.

Ka karɓa, daga hannunta ne. Daga nawa babu komai a ciki.

Nasir Abdulƙadir